Jar Fata a Motar Surukina

Ba zan faɗi sunan surukina ba. Ya daɗe a ƙasa, ni ma gemuna ya yi fari fat, amma har yau bakina bai iya ba. Haka muka tashi. Wanda ka auri 'yarsa ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci inda yake zaune. In kana da magana, sai ka nemi wanda zai kai maka ita. Nawa surukin kuwa Bafillacen Shagari ne, mai fataucin shanu, to sai ka ninka wannan kunyar sau nawa ka ga dama.

Ni ɗan dukawa ne daga Bodinga. Mahaifina ya ƙare rayuwarsa zaune kan buzu yana ɗinka matasan kai da jakunkuna da kuben wuƙa. Ni na ce ba zan zauna kan buzun nan ba, na tafi Sakkwato na koyi ɗinkin kujerun mota. Farkon mulkin farar hula na biyu sana'ar ta karɓe ni hannu biyu. Motoci ko'ina, kowa yana son cikin tasa ya yi sheƙi, ledar kujera kala-kala tana shigowa daga waje, soso kuwa sai wanda ka zaɓa. A wannan lokacin na yi aure. Surukina bai so ba. Bai taɓa faɗa ba, amma wa ke buƙatar a faɗa masa? 'Yar Fulani a ɗakin ɗan baduku. Ƙanensa ne ya tsaya mini tsayin daka, wanda matata ke kira Baffa, ni ma na bi bakinta.

Sai duniya ta juya. Aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, aka hana shigo da kaya. Leda ta ɓace, soso ya ɓace, gam ɗin da muke manna kwali da shi ya zama abin nema da roƙo. Mutumin da ke bin layin sabulu da madara tun safe, ina ruwansa da kujerar mota ta yage? Na rufe shago na kwaso keken ɗinkina na dawo Bodinga, na ajiye shi a zauren mahaifina kusa da buzun da na raina. Tsohon ya dai matsa ya ba ni wuri.

A cikin wannan hali matata ta tafi gida haihuwa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, mace. Aka yi suna, aka yi wanka, aka yi arba'in. Shiru. Na aika Baffa ya ji mini, ya dawo ya ce ana nan ana shiri. Yarinya ta fara zama, ana nan ana shiri. Ta fara rarrafe, ana nan ana shiri. Wane irin shiri ne wannan, kayan ɗakin amarya ake sassaƙawa? Ranar da na matsa wa Baffa, sai ya sunkuyar da kai ya ce Yaya ya tambaya, in ta koma me za ta ci. Wallahi ranar ban ci tuwo ba. Ba a ce in sake ta ba, ba a ce ba za ta dawo ba, an dai bar ni rataye. In na je Shagari zaure nake tsayawa. A fito mini da yarinyar, in yi kamar ban damu ba don 'yar fari ce, ita kuma ta kalle ni ta fashe da kuka don ba ta san ni ba. Wannan kukan ya fi komai ci mini rai.

Surukina yana da wata tsohuwar mota baƙa mai dogon hanci, ya saye ta hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Lokacin da ɗan garin ke mulkin ƙasa, manyan motoci suka riƙa shiga garin Shagari suna fita, an sha ba shi shawara ya canza ta, ya ƙi. Injinta lafiya lau, Baffa ke tuƙa ta kuma shi ke lallaɓa ta. Cikinta ne ya mutu. Jar fatar kujerun ta tsattsage, ɓeraye sun yi gida a ta baya, rufin sama ya zazzago yana taɓa hula. Shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, garkensa ya kusa ƙarewa, mutane suka fara cewa tsohon ya kwanta. Ga shi an sa ranar ɗaurin auren ɗan wani amininsa da ya rasu, shi ne waliyyi. Sai ya ce yana son ya shiga gari ranar a motarsa, cikinta kamar yadda yake ran da ya saye ta.

Baffa ya ce da ya gaya masa akwai mai wannan aiki a gida, sai tsohon ya ce a kai masa. Baffa ya kawo motar ƙofar gidanmu, ya miƙo mini makulli ya ce, “In motag ga ta yi kyau, ni na san da wace mota za a kawo maka iyali.”

To da me zan yi? Babu leda ko ta rantsuwa a duk Sakkwato. Na warware kujerun ɗinki bayan ɗinki, na shimfiɗa tsofaffin yankunan a ƙasa don su zama ma'auni. Sai na lura ɗinkin Baturen sirara-sirara ne, layi-layi daga sama zuwa ƙasa, ko wane layi bai fi faɗin tafin hannu ba. Fatar akuya ƙarama ce, ba ta rufe kujera, amma tana fitar da irin waɗannan layukan. Fatar jar akuya kuwa a ƙasarmu ba a nemanta, ita ke neman ka. Mahaifina yana kallona ta gefen ido. Ya ce ashe ɗinkin birni ma yana dawowa gida in ya ji yunwa. Na haɗiye. Washegari da kansa ya tafi wurin majema ya zaɓo fatu, yana ɗaga ko wace a rana yana duba ko ƙaya ta taɓa yagar ta.

Sauran kayan duk ƙirƙirarsu muka yi. Bangon ƙofofi na yanka daga katakon akwatin shayi. Rufin sama na ɗinka da farin yadin akoko. Maimakon soso muka cusa audugar rimi. Hannuwan murɗa gilashi guda ɗaya ne ya rage, na kai wa masu zubin tukwane, suka danna shi cikin yashi suka narka tsofaffin tukwane suka zubo mini 'yan'uwansa, na zauna na goge su da toka har suka yi haske. Ban taɓa yin aikin da na sa raina a ciki kamar wannan ba, don ko wane ɗinki na soka matata nake gani tana saukowa daga motar.

Rini kuwa mahaifina ya ce nasa ne. A ƙarƙashin kujerar baya na samo wani ɗan yanki da rana ba ta taɓa gani ba, ja mai duhu kamar zoɓo. Shi ya ajiye a gabansa. Ya jiƙa karan dafi, wato kunnen dawar nan ja da dukawa ke rini da shi, ya shafa wa fatun man gyaɗa, ya rina, ya goga lemun tsami. Ya kara da yankin Bature, bai kai ba. Ya sake rinawa. Bai kai ba. Ya yi ta maimaitawa har launin ya zauna daidai, ka ajiye su tare ba ka bambancewa. Haka ake rini a gidanmu tun kakanni, ba mu ga abin tambaya a ciki ba. Amma kayan gidanmu matashi ne da jaka. Babu wanda ya taɓa jingina da su cikin akwatin ƙarfe da tsakar bazara yana zufa.

Ranar ɗaurin auren da safe na fito in yi wa motar shafar ƙarshe. Na tsoma farin tsumma a ruwa na goga kujerar baya. Na ɗago shi, ja wur. Na canza gefe na sake gogawa, ja. Na ruga zaure na nuna wa mahaifina. Ya juya tsumman, ya shinshina, ya ce rinin ya yi yawa ne, yana son a wanke a shanya a sake shafa mai, ya sha iska kwana da kwanaki. Na ce Baba, yau ne fa. Ya ce ya sani, ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗauko gwadon da nake rufa da shi na shimfiɗa kan kujerar, na soke gefensa, ina addu'a.

Hantsi ya ɗaga suka sauko daga motar haya, shi da Baffa. Kai, ranar tsohon ya sha ado. Farar babbar riga, an sa mata shuɗi an buge ta, tana ɗaukar ido, ita ce ta kirki da ta rage masa, matata ta gaya mini daga baya. Na durƙusa can nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Suka gaisa da mahaifina, doguwar gaisuwa ta surukai. Sannan ya zagaya motar a hankali, ya leƙa, ya sa bakin sandarsa ya ɗage gwadon. Ya tsaya yana kallon jar fatar. Ya ce wa Baffa a cire wannan tsumman.

Na kalli mahaifina. Shi kaɗai ne a wurin sa'ansa, shi ke iya magana. Ya yi gyaran murya ya ce sabuwar fata tana son shimfiɗa. Surukina ya ce bai gyara mota don a rufe ta ba. Shi ke nan, tsohona ya ja bakinsa. Baduku ya tsaya gaban Bafillace ya ce rininsa yana zuba? Ina! Na ji haushinsa ranar har wuya, ko da yake na san abin da ya riƙe masa harshe.

Na ja Baffa bayan mota na nuna masa tsumman. Idonsa ya raina fata. Na ce ya gaya masa. Ya ce shi? Shi da ya kawo shawarar a ba ni aikin? Ya ce tafiyar ba nisa, za a sauke gilasai, iska za ta shiga, in Allah ya so ba zai yi zufa ba. Ya cusa tsumman a aljihunsa ya ce in shiga gaba in raka su, in ga iyali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na shiga.

Muka ɗauki hanyar Shagari. Da farko iska na shigowa, na fara jin dama-dama. Ina satar kallonsa ta madubi. Ya zauna tsaf a tsakiyar kujera, bai jingina ba, yana shafa layukan ɗinkin da yatsa. Na ce a raina, ya Allah ka bar shi haka. Ya murɗa hannun gilashi sama, ya murɗa ƙasa, ya tambayi Baffa ina aka samo wannan. Baffa ya ce zuba shi aka yi, ga mai aikin nan zaune. Tsohon ya ce wa Baffa, ba ni ba, ƙamshinta ma ya dawo. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin kalma mai daɗi irin wannan daga bakinsa ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Sai muka tarar da shinge. Lokacin sojoji sun karɓi mulki, ana tsayar da motoci ana duba ko an ɓoye kayan masarufi. Layi ya yi tsawo, manyan motoci a gaba ana sauke buhuna. Baffa ya kashe inji don mai ya yi wuya. Iska ta ɗauke ɗif. Rana ta daki rufin baƙar motar nan, cikinta ya zama tanda. Na ji zufa tana bin bayana. Na duba madubi. Surukina ya ciro carbi, ya lumshe ido, ya koma baya a hankali ya jingina, kafaɗa da gadon baya duka.

Na taɓa gwiwar Baffa. Ya ture hannuna, idonsa na kan hanya. Me zan ce, da wane suna zan fara? Na ce ko in fita in ce motar na son turi, ko in ce ya fito ya sha inuwa, amma duk magana ce, kuma magana da shi ce ba ni da hanyarta. Na ga ɗigon zufa ya gangaro daga ƙarƙashin hularsa ya shige wuyan riga. Na ɗaga tafin hannuna daga kujerar da nake kai, ya yi ja kamar na ƙunsa lalle. Da muka iso gaban shingen, wani soja ya leƙo, ya shafa bangon ƙofa ya ce Baba motarka ta yi kyau. Tsohon ya yi murmushi ya ƙara gyara jingina.

Muka shiga Shagari mutane na ɗaga hannu. Ƙofar gidan ɗaurin auren ta cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, maroƙi yana ta aikinsa. Baffa ya tsaya daidai gaban taron, don abin da aka zo yi ke nan. Na yi tsalle na buɗe ƙofar baya. Surukina ya sa sanda ya miƙe, ya ba ni baya.

Inna lillahi. Tun daga kafaɗa har ƙasan zama, layi-layi ja, ko wane ɗinki da na yi ya fito a farar rigar, kamar wanda aka yi wa bulala. Baffa ya kau da kai ya shiga duba taya. Jama'a gabansa kawai suke gani, sun fara tasowa da hannu a miƙe. Shi bai san komai ba. Ya gyara hula ya ɗaga ƙafa.

Ban san lokacin da hannuna ya kama hannun rigarsa ba. Ya tsaya cak. Abin da ya fara kallo hannuna ne, sannan ya ɗago ya kalle ni, ido cikin ido, karo na farko. Na ce, “Baba, dakata. Rigarka ta ɓaci ta baya. Jan fatar ne ya zuba. Aikina ne.”

Na saki rigar. Ya jawo kafaɗarta gaba ya duba. Ya ɗaga ya leƙa 'yar ciki, ita ma ta sha. Ya daɗe yana kallo, ni kuwa ina jiran ƙasa ta tsage. Gidansa yana can wata unguwa, liman ya riga ya zauna, shi ake jira. Ya mayar da rigar kan kafaɗa, ya daidaita ta da kyau, ya ce, “Na jiya,” wato ya ji.

Ya shiga taron haka. Waliyyi a gaba yake zama, saboda haka ya ratsa mutane duka ya je ya zauna kusa da liman, bayansa na kallon kowa. Maroƙin ya yi tuntuɓe a tsakiyar kirari ya kama wani. Wani yaro ya nuna da yatsa, aka buge hannun. Babu wanda bai gani ba. Na zauna can ƙarshe wurin takalma, ina jin ana raɗa cewa ai surukin nan nasa baduku ne ya yi aikin. Tsohon ya karɓi aure da murya a tsaye, aka shafa fatiha, ya tashi ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Da ƙafa ya tafi gida.

Na bi su na zauna a zaurensa. Aka kawo fura, ban iya sha ba. Ina jin muryoyin mata a ciki sama-sama, ina jin kukan 'yata. Na gama yanke wa kaina hukunci, na ce yau za a ce in ba da takarda. Na yi fushi da mahaifina, na yi fushi da Baffa, na yi fushi da Baturen da ya zaɓi jan da ba ya kamuwa da sauƙi, har da akuyoyin ban bari ba.

Bayan la'asar Baffa ya fito ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, “Yaya ya ce ka tahi da iyalinka yau.”

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ce to motar fa, a ba ni ita in koma da ita, in wanke fatar in shafa mai, kafin wata ya ƙare ko ruwa aka zuba ba za ta zuba ba. Na rantse masa, kuma gaskiya na faɗa, gyaran ba wuya. Ya shiga ciki, ya jima, ya dawo. Ya ce Yaya ya ce motarsa ba ta da aibi, babu abin gyara a cikinta.

A motar haya muka dawo Bodinga, matata riƙe da yarinya da ƙullin kaya. Baffa ya ce tsohon ya sallame ta ne don in ta ƙara kwana ɗaya, gari zai ce saboda riga ya riƙe 'yarsa. Matata ta ce ba haka ba ne, ta ce kama rigar da na yi ne. Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, shi kuwa ba a tambayarsa.

Motar aka tura ta rumfa aka rufe. Na aika sau da yawa a ba ni ita, amsar ba ta canza ba. Da kaya suka dawo kasuwa, masu ɗinkin kujera daga Sakkwato sun nemi su sa mata leda, ya ce wa ya gaya musu tana son gyara. In ya bari aka taɓa ta, ya yarda aikin mijin 'yarsa ya ɓaci. In ya sake shiga, wata rigar za ta ba da shaida. Sai ya haƙura da ita gaba ɗaya, motar da ya ƙi rabuwa da ita lokacin da kowa ke sayen sabuwa.

Na samu abin da nake so, matata ta dawo, yarinyar ta saba da ni har ta riƙa bin ƙafata. Amma abin yana cina har yanzu, ba zan ɓoye ba. Hanyar Sakkwato ta ƙofar zaurenmu ta bi. Shekara da shekaru, duk ranar kasuwa ina zaune kan keken ɗinki nakan ga ya wuce, tsoho mai farin gemu a bayan a-kori-kura, a matse tsakanin buhunan albasa, ya dafe hularsa da hannu ɗaya kada iska ta ɗauke.